Mastik a Rufin Ɗakin Inna

Bari in faɗa tun yanzu, kada wani ya wahalar da kansa yana nema: wawan labarin nan ni ne. Ba matata ba ce, ba kafintan gidanmu ba ne, ba kuma ruwan saman Abijan ba ne, ko da yake na yi shekaru ina ɗora wa ruwan laifi saboda ba shi da bakin da zai kare kansa. Yanzu na tsufa, haƙoran gaba sun yi mini sallama, jikoki suna yi mini Faransanci ina mayar musu da Hausa, kowa na ganin ɗan'uwansa ne kurma. Babu sauran mutuncin da nake tattali. Saboda haka zan rubuta.

A Adjamé aka haife ni. Na yi lekwal, wato boko, har aji biyar, sannan ni da malaminmu muka yarda cewa mun ishi juna. Abin da na fito da shi bai taka kara ya karya ba: ina iya karanta allon bas, ina iya sa hannu mai lanƙwasa kamar na gwamna, kuma na riƙe kalma ɗaya da ta yi mini hidima duk tsawon ƙuruciyata, wato furobizuwar. Ma'anarta abin da aka yi na ɗan lokaci kafin a yi na gaskiya. Idan ka faɗe ta da ɗaure fuska a gaban wanda bai yi lekwal ba, sai ya ɗauka akwai wani shiri babba a bayanta.

Mahaifina fataucin goro ne ya kawo shi daga arewa. Ya gina gida a tudun Williamsville, ɗakuna shida kewaye da tsakar gida, famfo ɗaya a tsakiya, irin gidan da ake kira kur a nan. Mu muna cikin uku, 'yan haya suna cikin uku. Har ya bar duniya bakinsa bai daina cewa badi za mu koma gida ba. Bai koma ba. Yana kwance a maƙabartar da ke bayan unguwar. Ni ne ɗan fari, sai gidan ya faɗo a wuyana, da rufinsa, da 'yan hayarsa, da mahaifiyata, wadda muke kira Inna.

Dole in yi bayanin adakar Inna, don duk labarin a kanta ya ƙare.

Shekara biyu kafin rasuwar Baba, sun sauke farali tare. A Makka suka sayi farin alawayyo dogon yanki guda, suka wanke shi da ruwan zamzam, suka shanya ya bushe a ranar can. Baba ya raba shi biyu, rabi nasa rabi nata. Da ya rasu, a cikin nasa aka naɗe shi. Nata kuwa yana cikin wata adaka ta katako a kusurwar ɗakinta, jingine da bango, ƙarƙashin wata babbar darduma mai hoton Ka'aba da ta sauko daga sama har ƙasa. Kowa a gidan ya san abin da ke cikin adakar nan. Yara ba sa zama a kanta. Sau ɗaya a shekara ake buɗe ta, ranar Arfa: Inna tana azumi, a shimfiɗa mata sabuwar tabarma a baranda, ta warware yadin ya sha iska, ta turara shi, ta ninke, ta mayar. Ni ban taɓa zama na ga yadda take yi ba. Ranar Arfa kullum ina kasuwar raguna ina taɓa wutsiya ina nuna na san dabba.

A lokacin da nake ba da labari idanun Inna sun yi yana. Tana bambanta rana da inuwa, tana gane mutum da tafiyarsa, sauran kuwa sai da hannu da hanci.

Ɗigon ya fara ne ƙarami, kamar mai jin kunya. Wata safiya cikin damina na shiga gaishe ta, ta ce, ba tare da ta juyo ba, don ba ta kallon ɗan fari kai tsaye balle ta kama sunansa:

“Kai, ɗakin nan yana ɗiga.”

Na ɗaga kai. A jikin silin, wato falankin da ke ƙarƙashin kwano, akwai ɗan tsagi, taku ɗaya daga inda adakar take. Ruwa yana taruwa a bakinsa, ya yi tunani, sannan ya faɗo.

“Wannan ba komai ba ne, Inna. Bari a ɗauke ruwa. Ba a hawa kwano yana jiƙe.”

Gaskiya na faɗa, ba a hawa kwano yana jiƙe. Matata ta kawo roba ta ajiye a wurin. Da aka ɗauke ruwa kuma ɗakin ya daina ɗiga, kuma mai hankali ba ya gyara abin da ba ya ɗiga. Wanda bai zauna a Abijan ba ba zai san alherin da garin nan yake yi wa malalaci ba: damina biyu gare mu a shekara, babba da ƙarama. Kafin a tuna maka alkawarin da ka yi a ta farko, ta biyu ta kawo kai, sai ka sake sabon alkawari. Haka na yi shekara biyu cur. Robar nan ta zama 'yar gida. Inna ta koyi kewaye ta in za ta alwala. Matata ta koyi zubar da ita kafin ta cika. Ni kuma na koyi shiga ɗakin ina kallon ƙasa, abin da mutane suka ɗauka ladabi ne.

Abin da ya ƙara wa lamarin muni shi ne sana'ata. Ni tolye ne, mai gyaran jikin mota, a wani gareji a Treichville kusa da tashar jiragen ruwa. Kullum da sassafe in gangara daga Williamsville a woro-woro, tasin haɗaka, in kama bas a Adjamé, mu haye gada, in wuni ina bugun ƙarfe. Iskar gishiri tana cin motocin garin nan kamar ɓera da gyaɗa. Za a kawo maka mota da rami a ƙofa wanda yatsa uku za su shiga. Aikin gaskiya shi ne ka yanke ruɓaɓɓen wurin, ka yi waldar sabon ƙarfe. Amma yawancin masu motar sayar da ita za su yi, sauri suke. Sai mu kwaɓa mastik, wani ƙullu ne mai tauri in ya bushe, mu cusa a ramin, mu goge da takarda mai yashi har ya yi sumul, mu fesa fenti. Mota ta fito tana ƙyalli. Tsatsa tana nan a ciki tana aikinta, amma kafin ta leƙo motar ta kai Bouaké a hannun wani. A wannan fanni, ba yabon kai ba, har daga wasu garejin ake zuwa kallon hannuna.

Cikin 'yan hayarmu akwai wani kafinta mutumin Togo, mai sanyin magana, ba ya shiga harkar kowa. Wata Lahadi ya same ni ina wanke ƙafa a bakin famfo, ya ce da Faransancinsa mai taushi:

“Maigida, rufin tsohuwa. Ƙusa ɗaya ce ta yi tsatsa, ina ji. In ka yarda in hau gobe da safe. Kafin shayi ya huce na sauko.”

Na dube shi daga sama har ƙasa. Ni, mutumin ƙarfe, wanda ake kira shef, wato shugaba, a Treichville, in bari mutumin katako ya taɓa kwano a gidan ubana, matan gida suna kallo? Na gode masa cikin girma, na ce abin yana cikin tsarina.

Tsarin kuwa ga shi. Tsanin gidan ya karye a mataki na huɗu tun zamanin Baba, shi ma yana jiran a ɗauke ruwa. Ranar Lahadi ce kaɗai ba na aiki, kuma Lahadi tana da nata haƙƙin: da safe aceke, dambun rogo, da soyayyen kifi a Bracodi, da rana dara a gindin mangwaro, da yamma ƙwallo a rediyo. Ba rashin abin hannu ba ne, kada wani ya tausaya mini. Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: tsoron sama nake. In na hau kan kujera ma sai in nemi abin dafawa.

A shekara ta uku, gab da babbar damina, matata ta tare ni a ƙofa.

“Malam, robar nan ta tsage. In sayo wata, ko kuwa?”

Ta san yadda take ajiye “ko kuwa” ɗinta ya tsaya wa mutum a maƙoshi. Ranar Asabar na dawo daga gareji da ragowar mastik a gwangwani da ɗan farin fentin mota. Lahadi da hantsi na sa aka kifa turmi a ɗakin Inna, na hau, matata tana riƙe da ƙafata ɗaya. Na cusa mastik a tsagin silin, na bar shi ya bushe, na goge, na shafa fenti. Wallahi aikin ya yi kyau. Ko ni da na yi sai na laluba kafin in gane wurin.

Matata ta ce, “To, saman fa?”

Na ce, “Furobizuwar ne.”

Kwana uku bayan nan sama ta buɗe, irin ruwan da ke mayar da hanyoyin Adjamé rafi, takalma suna tafiya ba masu su. Ɗakin Inna ko ɗigo. Aka fitar da robar. Da yamma Inna ta sa aka kira ni baranda, a gaban matan gida, ta laluba ta kama hannuna, abin da ba ta saba yi ba. Ta sa mini albarka doguwa. Ta ce yadda na rufa mata asiri Allah ya rufa mini, yadda na tsare ta daga ruwa Allah ya tsare ni daga wuta. Matan suna cewa amin. Ni kuma na sunkuyar da kai na karɓe ta duka, ban rage ko kaɗan ba. A cikin duk abin da na yi, wannan zaman ne ya fi hana ni sakewa in na tuna.

Kafinta yana gefe yana fere wani katako. Da mutane suka watse ya tambaye ni a hankali:

“Shef, ruwan da yake shigowa ta kwano, yanzu ina yake zuwa?”

Na ce, “Ya bar ɗakin. Inda ya nufa kuma ba ni na aike shi ba.”

Har dariya na yi wa maganata.

Cikin damina Inna ta ce sau biyu tana jin warin danshi. Na ce mata lagun ce, tafkin da ya ratsa gari, duk Abijan haka take wari a wannan watan, har ofisoshin manya a Plateau. Ta bar maganar. Ita ba ta taɓa shiga ofishin manya ba, ni ma haka, amma ni na yi aji biyar.

A shekarun can Babbar Sallah tana faɗowa ne cikin ƙaramar damina. Saura kwana biyar, Inna ta tafi Treichville wurin ƙanwata da ta haihu, za ta dawo jajiberin Arfa. Matata ta ce bari ta yi amfani da damar ta share ɗakin ta wanke labule. Da na dawo daga aiki da la'asar sakaliya, na same ta a tsaye a ƙofar ɗakin, tsintsiya a hannu, ba ta ce mini sannu da zuwa ba. Ta kama bakin rigata ta ja ni ciki.

Ta sauke dardumar. Bangon da ke bayanta ya yi baƙi da kore tun daga silin har ƙasa, layi mai faɗi kamar an zuba miyar kuka. Ruwan da na hana ɗiga ya taru a kan falanki, ya bi gangare ya sami bango, ya sauko a ɓoye bayan hoton Ka'aba, wata da watanni, ya zauna ƙarƙashin adakar. Gara ta ji labari ta zo. Hanyoyinta na jar ƙasa sun hau jikin katakon ta ko'ina. Da matata ta ja adakar, gindin ya zauna a inda yake, sauran ya taho.

Na durƙusa na ɗaga yadin. Ninkin sama kamar lafiya, sai ɗigo-ɗigon baƙi. Na biyu ya yi ruwan ƙasa. Daga na uku zuwa ƙasa kuwa ba yadi ba ne kuma, wani abu ne mai laushi da ke rabuwa a hannu, da ramuka, da ƙananan fararen halittu suna gudu daga haske. Abin da ya zo tun daga Makka, ya jira shekara da shekaru bai yi ko tabo ba, damina ɗaya ta hannuna ta gama da shi.

Matata ta ce, “Gobe ka je Treichville ka faɗa mata.”

Na ce, “Tsohuwa ce. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ki bar ni da shi, na san abin yi.”

“Da mastik?”

Na ce ta tattara ruɓaɓɓen ta kai bola kafin wani ya gani.

Dabarar tolye ba ta canzawa, ko a kan mota ko a kan uwa. Idonta ba ya gani, farin yadi kuwa farin yadi ne. Washegari ban je gareji ba. Na shiga kasuwar Adjamé na zaga rumfunan yadi ina murza alawayyo tsakanin yatsu har na sami mai kaurin da ya yi kama. Mai rumfar ya auna, ya sa almakashi ya yanke shi tsaf. Saura zamzam, don ni ma ina da iyakar da ba na ƙetarewa: ba zan bari a naɗe uwata a yadin da bai taɓa zamzam ba. Ka ji tsoron Allah irin na mai mastik.

Akwai wani Alhaji Bakano, abokin Baba, mai shigo da kaya ta tashar jiragen ruwa, yana da ɗakin ajiya a Bracodi. Ya je Makka sau da yawa, gidansa ba ya rabo da zamzam. Na same shi a kan buzu a ƙofar ɗakin ajiyar yana jan carbi yana kallon masu sauke katan.

“A'a, Musyo ne da kansa? Yau Faransa ta ba da hutu?”

“Alhaji, barka da hantsi.”

“Ka ji Hausa kamar ana taka gwangwani. Zauna. Yaya Hajiya? Kwanaki na ji an ce ka gyara mata ɗaki. Na ce to, ɗan marigayi ya fara zama mutum.”

Na ce masa zamzam nake nema, ɗan kaɗan.

“Wa ba shi da lafiya?”

“Idon Inna ne. Za a riƙa shafa mata.”

Ya tashi da kansa, tsoho da shi, ya shiga ciki ya fito da kwalba cike, ya riƙe ta da hannu biyu ya miƙo mini. Ya ce in gaishe ta, in ce mata yana nan yana yi mata addu'a, kuma Allah ya ba ta ɗa mai kula. Na ce amin. A shekara ɗaya na ci albarka biyu da ban biya ba, ta biyun har da ƙarya a kai.

Kwalba ɗaya ba ta jiƙa yadi mai tsawon nan. Na ƙara da ruwan famfo, ina gaya wa kaina cewa albarka ba ta san yawa ba. Na shanya shi a ɗakinmu, ƙofa a rufe. Na kankare bangon Inna na shafa farar ƙasa, na mayar da darduma. Adakar kuwa dole na kai wa kafinta. Ya juya ta, ya ga hanyoyin gara, ya dube ni. Cikin awa ɗaya ya sa mata sabon gindi, ya goge shi da ƙasa don ya yi kamar tsoho, ban ma roƙe shi ba. Da zai miƙo mini ya ce:

“Tun da guduma tana hannuna, in hau?”

Na dubi sama, hadari yana haɗuwa ta wajen lagun. Na ce a bari sai bayan Sallah.

Ranar Arfa ban je kasuwar raguna ba. Na ce kaina ke ciwo. Aka shimfiɗa sabuwar tabarma a baranda, matata da wata maƙwabciya suka ɗauko adakar, aka kawo kaskon turare. Inna ta zauna ta miƙe ƙafafu. Ta ji motsina a bakin ƙofa.

“Yau kuma wannan yana gida? Ragunan sun ƙare ne?”

Matan suka yi dariya. Ni ma na yi, ta fito kamar tari.

Ta yi bismilla ta buɗe. Ta ɗauko yadin ta ɗora a cinya, ta kai shi hanci. Na daina numfashi. Ta warware shi a hankali har ta kai ƙarshensa, ta kama bakin yadin da yatsa biyu, ta bi shi daga wannan gefe zuwa wancan. Ta tsaya. Ta tattaro shi duka ta nemo ɗaya ƙarshen, shi ma ta bi shi da yatsa, a hankali, har ya ƙare. Sannan ta ajiye hannuwanta a kai.

“Almakashi,” in ji ta.

Babu wanda ya motsa. Turare yana ta hayaƙi shi kaɗai.

Ba da ni ta yi magana ba, da matata ta yi, muryarta kamar mai ba da labarin kasuwa. Ta ce a masaukinsu na Makka babu almakashi. Baba ya ciji bakin yadin da haƙori, ya ja da hannu. Yagar ba ta tafi daidai ba, ta karkace, ɓangarensa ya fi nata da kusan taki guda a gefe ɗaya. Ta ce masa, Alhaji, har a likkafani ma sai ka cuce ni? Ya ce ai ya fi ta tsawo. Suka yi ta dariya a ɗakin har wata Bayarabiya da ke maƙwabtaka ta buga musu bango. Ta ce duk shekara wannan karkatacciyar yagar take nema, ta bi ta da yatsa, don ta san ɗaya bakinta yana can bayan unguwa tare da shi, kuma in an haɗa su za su dace.

Ni da na tashi a gidan, na kai shekara arba'in ban san wannan ba. Ina can ina taɓa wutsiyar rago.

“Ina nawa?” ta ce.

Na buɗe baki in fara wani sabon gini, sai na ga matata ta tashi ta shiga ɗaki. Ashe ba ta kai bola ba. Ta wanke abin da ya wanku, ta shanya a ɓoye, ta ƙulle a tsohon ɗankwali. Ta kawo ta ajiye a gaban Inna, ta durƙusa, ta faɗa mata komai: tsagin silin, mastik, bango, gara. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Sai zamzam ɗin Alhaji da ta yi mini sutura a kansa, shi ma daga baya na faɗa da bakina.

Inna ta kwance ƙullin. Ta riƙa ɗaga tsummokaran ɗaya bayan ɗaya, wasu suna narkewa a yatsunta. Ta daɗe tana nema. Can ta samu: wani yanki na bakin yagar, bai fi tsawon tafin hannu biyu ba, zarensa a barbaje yadda haƙorin Baba da hannunsa suka bar shi. Ta shafa shi sau biyu. Ta ɗora shi a tsakiyar sabon yadin, ta fara ninkewa a kansa. Ba ta yi kuka ba. Ba ta zage ni ba. Da ta ɗauki muciya ta rafka mini a gaban 'yan haya, da na ji sauƙi.

Bari in yi gaba kaɗan sannan in dawo. Kwana biyu bayan Sallah kafinta ya gyara matakin tsani, ya hau, ya zare ƙusa ɗaya da tsatsa ta cinye, ya sa sabuwa da ɗan faci da kwalta. Ya sauko ya nuna mini ramin da yatsa a iska, bai kai ƙwayar dawa ba. Shayin da aka zuba masa bai huce ba. Inna ta ƙara shekara tara a duniya, kuma duk ranar Arfa ina zaune a bakin tabarmar, ba na zuwa ko'ina. Da ta cika, matata ce ta tabbatar an sa ɗan yankin nan a cikin likkafanin, ta wajen ƙirji.

Amma a ranar, a barandar nan, ban san duk wannan ba. Na rarrafa na durƙusa a gabanta ina zuba magana. Na ce ta yafe mini. Na ce sharrin shaiɗan ne da yawan aiki. Na ce zan kai ta Makka ta sayo wani da hannunta. Ita dai tana ninki, tana daidaita gefe da gefe. Shirun nata ya sa na ƙara ƙaimi. Na ce ba faci ba ma, rufin gaba ɗaya zan kware, kwano sabo, katako sabo, silin sabo, ni da kaina zan hau.

“Wallahi, Inna, da zarar an ɗauke ruwan nan.”

Maganar da kanta ta fito, ban aike ta ba. Na ga matata ta runtse ido. Kafinta, da ke can bakin ƙofarsa, ya sami wani abin dubawa a tafin hannunsa.

Inna ta sa yadin a adaka, ta rufe, ta dafa murfin. Ta juya fuskarta wajen matata.

“Yarinya, ki riƙe maganar nan. Ranar da na cika, ki nemi wani ya kai ni. In kika bar wa wannan, kuma aka yi rashin sa'a ana ruwa, a ɗakin nan zan kwanta har bayan damina.”